Wata uku da manhajar kallon fim: zaɓen ya fi kallon cin lokaci

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, muka baje a falo, tuwo ya sauka, ga wuta an kawo. Na ɗauki rimot da niyyar mu kalli fim ɗaya mu kwanta. Minti arba'in ina hawa ina sauka a cikin jerin hotuna, wannan ya yi tsawo, wancan ban yarda da fuskar jarumin ba, har autarmu ta ɓingire a kan dadduma. Uwargida ta ce, "Baban Ummi, ko dai hotunan za mu kalla mu tashi?" Ban kai ga ba ta amsa ba aka ɗauke wuta.

Wata uku ke nan ina biyan kuɗin wata-wata a ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙasashen waje, kuma ba zan ci amanarta ba, tana da abin yabo. Hoto tangaran, babu tallan da zai katse ka ana tsakiyar rikici, kuma in wuta ta tafi, gobe daidai inda ka tsaya za ka tarar da fim ɗinka. Ga mazaunin Kano wannan kaɗai ya isa a ce mata sannu.

Inda ta gaza shi ne wajen ba da shawara. Tana lura da abin da ka kalla, da wanda ka gama, da wanda ka watsar a rabi, sai ta jero maka masu kama da su. To mu gida guda ne a kan rajista guda. Yara sun sha katun, uwargida na bin dogon zango na Koriya, ƙanina in ya zo sai na harbe-harbe. Sai shafin ya koma kamar gwanjon Kofar Wambai, komai a cakuɗe. Da na ware wa kowa nasa shafin, yara ma na buɗe musu na yara, abin ya ɗan daidaita. Duk da haka ba ta san abu guda ba: wa ke zaune a falon.

Nan nake tuna yaron da ke tura min fina-finai a memori a kasuwar waya ta Farm Centre. Kafin in buɗe baki ya san Indiya-Hausa nake so ko na gida, kuma in na nuna wani yakan rage murya ya ce, "Yaya, wannan ba na falo ba ne." Magana ta ƙare. Manhaja kuwa lambar shekarun mai kallo kawai za ta maƙala maka a gefe, 13+ ko 16+ ko 18+, kuma ma'aunin nasu ba irin namu ba ne. Na taɓa sakin jiki da wani mai 13+ ranar da Hajiya ta kawo mana ziyara. Minti ashirin da farawa na tsinci kaina ina laluben rimot ina tarin ƙarya, ita kuma ta duƙufa kan carbinta kamar ba ta ga komai ba. Fina-finanmu na gida aƙalla akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da ke duba su tun 2001. A can kai ne hukumar gidanka.

Ga kuma data. Kallon awa ɗaya a matsakaicin hoto kan lashe kusan 1GB, mai kyan gaske kuwa har 3GB, kuma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a farkon 2025, fim ɗin da ka fara ka watsar asara ce ta kuɗi tsaba. Hatta ɗan tallan fim da ke kunna kansa yayin da kake dube-dube yana ci. Na shiga saiti na kashe shi.

Na Hausa fa? Manhajar Netflix ta iso Najeriya tun 2016, amma masana'antar fina-finanmu da ta faro a 1990 ta fi baje kolinta a YouTube da tashoshi irin su Arewa24. A manhajar da nake biya ban cika yatsun hannu ɗaya da fina-finan Hausa ba.

Yanzu da rana nake zaɓe, lokacin hutun azahar a shago. In ware biyu, in kalli minti goma na kowanne ni kaɗai, in tsallaka tsakiya in leƙa wurare biyu-uku, sannan in sauke shi a waya da datar dare mai rahusa. Wata mai kamawa zan sake biya, amma ƙaramin tsari. Hajiya kuma ta ce za ta dawo ranar Lahadi, na riga na tanadar mata dogon zango na Hausa a YouTube.