Na gama The Terror, amma dodon nan ya tsaya min a rai

Wani abokina ne ya dame ni wai sai na kalli The Terror, zango na farko da AMC suka fitar a 2018, ya tura min kashi goma a waya na ajiye kusan wata biyu ban taɓa ba. Ranar da na fara kuwa ana tsananin zafi, an ɗauke wuta, ina zaune a tsakar gida ina fifita da murfin kwali ina kallon mutane na daskarewa a ƙanƙara, wallahi har wani daɗi na ji.

Abin da ya kama ni shi ne labarin ya faru da gaske. A 1845 jiragen ruwan Ingila biyu, Erebus da Terror, suka tashi da mutum 129 ƙarƙashin Sir John Franklin, suna neman hanyar ruwa ta saman Kanada da za ta fitar da su tekun Fasifik. Satumban 1846 ƙanƙara ta riƙe su kusa da tsibirin King William, Franklin ya mutu a Yunin 1847, a Afrilun 1848 mutum 105 da suka rage suka bar jiragen suka kama tafiyar ƙafa suna jan kwale-kwale. Ko mutum ɗaya bai koma gida ba. To ka ga wannan kaɗai ai ya isa fim, me ya kawo dodo kuma?

Nan ne raina ya ɓaci. Wai Tuunbaq, wani ƙaton abu kamar farin beyar mai fuska kamar ta mutum. Da farko da ba a nuna shi sosai, sai dai ka ji ƙara ka ga jini a kan ƙanƙara, na ji tsoro gaskiya. Amma da suka fara nuna shi a fili sai na ga aikin kwamfuta ne ƙarara, kamar wasan gem na yara. A kashi na uku ya fizge Franklin ya jefa shi cikin rami, mutumin da tarihi ya rubuta ranar mutuwarsa, kawai aka ba dodo shi. Na kashe wayar na ce na bar shi ke nan. Ga kuma duhu, rabin fim ɗin cikin dare ake, na ƙure hasken waya har caji ya ƙare amma wani wurin sai inuwa kawai nake gani da gemu.

Bayan kwana uku na koma, saboda Crozier. Jared Harris da ya fito a matsayinsa ya iya wasa ba ƙarya, mashayin kyaftin ɗin da aka raina don ɗan Ayilan ne, shi ne kuma mai hankalin cikinsu. Sai kuma likita Goodsir, bawan Allah mai sanyin hali, shi ya gano abincin gwangwanin da suke ci ne yake kashe su a hankali saboda dalmar da aka liƙe shi da ita. Wajen da ya duba bakin wani ya ga baƙin layi a dasashinsa, wannan ya fi dodo ban tsoro sau goma, don abincin ne kaɗai suke da shi, ka ci ka mutu ka bari ka mutu.

Amma abin da ya hana ni barci ƙarshen Goodsir ne. Hickey, wani ƙaramin ma'aikacin jirgin, da 'yan tawayensa sun kama shi, sun tilasta shi yanka gawar ɗan uwansu don su ci, ya san in ya mutu shi ma cinye shi za su yi. Sai ya shafe jikinsa da guba, ya sha saura, ya kashe kansa, bayan ya gaya wa Crozier in an tilasta maka ci to ka ci daga tafin ƙafata kawai. Da safe matata ta kawo min balangun da ya kwana na ce ta ɗauke, ta yi ta min dariya. Daga baya na karanta cewa cin naman ma ba ƙirƙira ba ce, mutanen Inuit, 'yan asalin yankin, sun faɗa wa wani mai binciken yankin, John Rae, tun 1854 turawan Ingila suka ƙaryata su, sai ga shi a 2024 an gane ƙashin muƙamuƙin Fitzjames, kyaftin ɗin Erebus, ta gwajin DNA da shatar wuƙa a jiki. Jiragen ma an gano su a ƙarƙashin ruwa, Erebus a 2014, Terror a 2016.

Har na yi niyyar ba shi tara cikin goma, sai na tuna a kashin ƙarshen ma sai da suka sake dawo da dodon, Hickey ya hau kwale-kwale ya yanke harshensa yana miƙa masa wai zai mallake shi, aka ɓata minti nawa a kan haka bayan mutuwar da ta fi kowacce taɓa zuciya. Haba. Bakwai na ba shi. Abokin nawa yanzu ya koma cewa sai The North Water na Colin Farrell, masu farautar kifi whale, na tambaye shi akwai dodo ya ce babu, na ce to turo.