Ofishin shawarar karatu a Denmak da ke Ikeja: zaman farko ya biya kuɗinsa, sauran kuma da sake

Tun da Ingila ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyalansu a watan Janairun 2024, Kanada kuma ta taƙaita yawan takardun izinin karatu a shekarar, ofisoshin da ke nema wa matasa gurbin karatu a Legas suka fara karkata hankalin jama'a zuwa ƙasashen arewacin Turai, kuma Denmak na cikin waɗanda ake yawan ambata. A zauren hira na Agege da Idi-Araba ana jin maganar cewa karatu kyauta ne a can, aiki kuma ga shi nan a yalwace. Wannan jita-jita ce ta sa na raka ɗan ƙanwata, wanda ya karanta injiniyancin noma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi bautar ƙasa a nan Legas, zuwa ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi da ke Ikeja. Ofishin na sayar da hidima iri biyu, wato zaman shawara na sa'a guda, da kuma abin da suke kira cikakken aiki, inda suke riƙe wa mutum takardunsa tun daga neman gurbi har zuwa izinin zama.

Wurin yana hawa na biyu a wani bene da ke kusa da titin Allen, ɗaki biyu ne da ƙaramin falo, da janareto a ƙarƙashin matakala. An ba mu lokaci ta waya kuma an cika shi. Wadda ta karɓe mu wata baiwar Allah ce 'yar asalin Kaduna, kuma da ta ji muna Hausa a tsakaninmu sai ta juya harshe, ta gaishe ni da "Alhaji, an zo lafiya", ta ci gaba da bayani da Hausa har muka tashi. Wannan ya taimaka mini ƙwarai, domin na samu damar yin tambayoyin da da Turanci ne da ƙila na haɗiye su.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta soma da hotunan gine-gine ko yabon ƙasar ba. Ta nemi takardar da ke nuna kwasa-kwasan da yaron ya yi a jami'a da makin kowanne, ta ɗauki fensir, ta buɗe sharuɗɗan shiga wani digiri na biyu a Jami'ar Aarhus a kwamfutarta, ta riƙa bin kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya tana sa alama a gefen na lissafi, tana zagaye na kimiyyar sinadarai. Ta bayyana mana cewa jami'o'in Denmak na auna nauyin karatu da ma'aunin ECTS, wanda makinsa daban yake da makin jarrabawa, inda shekara guda take daidai da maki 60, digiri na farko na shekara uku maki 180, digiri na biyu na shekara biyu kuma maki 120. Samun digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu bai isa a ɗauki mutum ba, sai an ga cewa a cikin digirin nan ya tara adadin makin da ake buƙata a darussan da aka lissafa. Wanda ya karanta wani fanni daban yana son ya sauya sheƙa a digiri na biyu, kamar yadda ake yi a wasu jami'o'in Ingila, yakan tarar da ƙofa a rufe a Denmak. Da ta gama lissafi ta dubi yaron ta ce, "Ɗana, wannan kwas ɗin ka cika sharaɗinsa, wancan kuwa kada ka ɓata kuɗinka a kansa." A ganina wannan aikin fensir shi kaɗai ya isa dalilin biyan kuɗin zaman.

Bayaninta a kan jami'o'in ma ya tsaya da ƙafarsa, kuma na bi diddiginsa daga baya na same shi daidai. Jami'o'i takwas ne a ƙasar. Ta Kopenhagen ita ce mafi tsufa, an kafa ta a 1479, sai Jami'ar Fasaha ta DTU da ke Lyngby wadda ta samo asali a 1829, sai Aarhus ta 1928, sai Roskilde ta 1972 da Aalborg ta 1974, waɗanda aka sani da koyarwa ta hanyar haɗa ɗalibai rukuni-rukuni su warware wata matsala ta zahiri a kowane zango. Akwai Jami'ar Kudancin Denmak mai babban harabarta a Odense, da makarantar kasuwanci ta CBS, da jami'ar fasahar kwamfuta ta ITU. Ta ja hankalinmu ga cewa fannonin da ƙasar ta yi fice a kansu ba baƙi ba ne a wurinmu, domin madarar Dano da ke kantunan Agege ta kamfanin Arla ce, wanda ya buɗe gonar shanu a Damau ta jihar Kaduna a 2023, kuma tashar kwantena ta APM da ke Apapa ta kamfanin Maersk ce, duka kamfanonin biyu kuwa hedkwatarsu tana Denmak. Wanda ya karanta noma da sarrafa abinci, ko harkar jiragen ruwa, ko makamashin iska, ko haɗa magunguna, yana da dalili mai ƙarfi na duban Denmak. Ta kuma gargaɗi yaron cewa jarrabawar baki ta yi yawa a can, ɗalibi ya zauna gaban malaminsa da wani mai tantancewa ya kare abin da ya rubuta, a ba shi maki a ma'aunin da ya fara daga 12 ya sauko zuwa -3, wanda 02 ne mafi ƙarancin makin ci.

Na yi mata tambaya a madadin wani maƙwabcina da 'yarsa ta gama sakandare, kuma amsar da ta bayar ba mai daɗin ji ba ce. Takardar WAEC ita kaɗai ba ta kai matsayin takardar kammala sakandaren Denmak ba, sai an haɗa ta da wani karatu na gaba da sakandare, sannan kowane kwas yana da matakin Turanci da lissafin da yake nema. Yawancin digirin farko da harshen Danish ake koyar da su, kuma a 2021 jam'iyyun ƙasar sun amince da rage kwasa-kwasan Turanci a kwalejojin sana'a da na kasuwanci, waɗanda a da su ne hanyar da baƙi suka fi bi. Wanda ya ga zai iya, yana nema ne ta shafin optagelse.dk, inda ake zaɓar kwas har takwas, kuma ana rufewa ranar 15 ga Maris da ƙarfe 12 na rana agogon Denmak, amsa ta fito ranar 28 ga Yuli. Ta ce shawararta ga irin wannan yarinya ita ce ta yi digirinta a gida, ta kula da makinta, sannan ta nemi na biyu a can. Ofishin da ke cin abinci da tura mutane waje ya faɗa wa mai kuɗi a hannu ya dakata, wannan abu ne da ban saba gani ba a Legas.

A kan kuɗi kuwa ta rushe maganar karatu kyauta tun a jimlar farko. Kyautar ta 'yan Tarayyar Turai ce da wasu maƙwabtanta kamar Norway da Suwizalan. Tun 2006 ɗan Nijeriya da sauran 'yan waje biya suke yi, kuma kuɗin shekara yakan kama daga kimanin yuro 6,000 zuwa 16,000 gwargwadon kwas, fannonin injiniyanci da kimiyya su ne a sama. Tallafin wata-wata da gwamnati ke ba ɗalibanta, wanda ake kira SU, ba ya shafar baƙon da ya shigo da izinin karatu. Akwai tallafin gwamnati ga 'yan wajen Turai wanda jami'o'i ke rabawa da kansu, amma guraben kaɗan ne, kuma masu maki mafi girma ke samu, sai kuma shirin tallafin karatu na Erasmus Mundus na Tarayyar Turai da wasu jami'o'in Denmak ke ciki. Inda lamarin ya bambanta shi ne digirin digirgir, domin a can yawanci aiki ne da ake tallatawa kamar kowane gurbi, a ɗauki mutum shekara uku ana biyansa albashi. Malaman jami'o'inmu da ke da digiri na biyu da rubuce-rubucen bincike ya kamata su san da wannan hanya.

Ta yi gaskiya kuma a kan aiki. Izinin zama na ɗalibi, wanda hukumar gwamnatin Denmak mai suna SIRI ke bayarwa, yana ba da damar aikin sa'o'i 90 a wata, da cikakken aiki a watannin Yuni da Yuli da Agusta, kuma wuce wannan iyaka na iya jawo a soke izinin. Abin da ake samu zai rage nauyin haya da abinci, amma wanda ya ɗora lissafin kuɗin makaranta a kan wanke-wanke a gidan abinci zai tsaya a hanya. Ta ƙara da cewa tun watan Mayun 2025 ɗaliban da ke kwasa-kwasan da gwamnati ba ta amince da su ba sun rasa izinin aiki da damar tafiya da iyali, don haka duk wanda aka kawo masa takardar wata makaranta mai zaman kanta da ba a san ta ba, ya tantance matsayinta kafin ya biya ko sisi.

Daga nan ne abubuwan da ban ji daɗinsu ba suka fara. Takardar talla da aka ba mu a ƙofa tana ɗauke da alƙawarin shekara uku na neman aiki bayan kammala karatu, da manyan baƙaƙe. Gaskiya ne an tsawaita wa'adin zuwa shekara uku a 2023, amma a watan Satumbar 2025 gwamnatin Denmak ta sanar da shirin rage shi zuwa shekara ɗaya tare da ƙara tsaurara batun iyali. Da na tayar da maganar ta amsa cewa haka ne, takardar tsohuwa ce. Takardar da aka san ta tsufa bai kamata a ci gaba da miƙa ta ga mutane ba, domin ita ce ke komawa gida a aljihu, ita uwa da uba za su gani lokacin da ake shawarar sayar da fili.

Batun masauki ma an bi ta kansa da sauri, alhali yana cikin manyan abubuwan da ke wahalar da baƙo. Ɗakunan ɗalibai a Kopenhagen da Aarhus suna da layin jira mai tsawo, kuma dokar haya ta ƙasar ta yarda mai gida ya karɓi kuɗin ajiya har na wata uku, da kuɗin haya na gaba har na wata uku, ban da hayar watan farko. Wannan kuɗi ne mai yawa da ba ya cikin lissafin da aka rubuta mana. Haka nan ba ta ce komai ba a kan rayuwar Musulmi sai da na tambaya, kuma amsar ba ta wuce cewa akwai masallatai ba. Ofishin da Hausawa ke zuwa ya kamata ya iya faɗa wa iyaye cewa akwai babban masallaci a unguwar Nørrebro ta Kopenhagen da aka buɗe a 2014, cewa a shekarar ce aka haramta yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, cewa tun watan Agustan 2018 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, abin da ya shafi mai niƙabi kai tsaye, kuma cewa yini a watan Disamba bai wuce kimanin sa'a bakwai ba, a watan Yuni kuwa yakan haura sa'a goma sha bakwai, abin da ke sauya lokutan salla da tsawon azumi. Uban da zai tura 'yarsa yana da haƙƙin jin waɗannan kafin ya sa hannu.

Cikakken aikin nasu kuwa ban ga dalilin sayensa ba, kuma kuɗinsa ya ninka na zaman shawara sau da yawa. Neman gurbin digiri na biyu ɗalibi ne ke yinsa da kansa a shafin jami'ar da yake so, kuma ga 'yan wajen Turai jami'o'i da dama suna rufewa ranar 15 ga Janairu don shiga a watan Satumba. Fom ɗin izinin zama mai suna ST1 jami'a ce ke fara cike ɓangarenta, ɗalibi ya cike nasa, sannan ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Denmak na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a nan Legas, amma hukuncin izinin na SIRI ne, kuma babu wani ɗan tsakiya da ke da ta cewa a ciki. Da na tambayi abin da ƙarin kuɗin zai saya mana, sai aka ambaci duba takardu da gyaran wasiƙar bayanin dalilin neman kwas, kuma wasiƙar nan ita ce abin da ya fi dacewa ya fito daga bakin ɗalibin, tunda shi zai zauna gaban malamai ya amsa tambaya.

Wanda yake da digiri a hannu a fannin kimiyya ko injiniyanci ko kasuwanci, kuma iyalinsa suna da halin ɗaukar nauyin aƙalla shekarar farko, zai amfana da zaman sa'a gudan nan, matuƙar ya je da takardar kwasa-kwasansa da bayanin abin da kowane kwas ya ƙunsa, ya kuma rubuto tambayoyinsa a kan haya da ibada tun daga gida. Mu zaman shawarar kaɗai muka biya. Yaron ya yi rajistar jarrabawar Turanci ta IELTS, inda yake buƙatar maki 6.5, ya rubuta wa jami'arsa ta Zariya yana neman bayanin kwasa-kwasai mai hatimi, kuma zai nemi kwas biyu a Aarhus da ɗaya a DTU tare da neman tallafin gwamnati, domin mun riga mun yanke a gida cewa idan tallafin bai samu ba, zai yi digiri na biyu a Nijeriya ya jira gurbin digirin digirgir.