Labaran zawarci a gurup ɗin kuɗi na WhatsApp

Cikin littattafan soyayya da ake sayarwa ta WhatsApp, na zawarci sun fi kama ni: aure ya mutu, mace ta koma gidan iyaye, ta tattara hankalinta, daga baya Allah ya kawo wani mijin. Na karanta da dama a gurup ɗin da ake biya, kuma ba duka ne suka ci kuɗinsu ba.

Sayen ba wuya. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta, ta tsaya daidai inda labari ya ɗau zafi, galibi ranar da aka miƙo takardar saki. Sai ki tura kuɗi ta banki ko katin waya, ki aika hoton shaidar biya, a saka ki a gurup. Kafin ki biya, ki tambaya: an gama littafin, ko ana rubutawa ana saki? Na biyun shi ke yankewa, waya ta lalace ko marubuciya ta kwanta ciwo a ji shiru. In kuma gurup ɗin a buɗe yake, hirar masu karatu kan binne labarin, don haka ki sa wa kowane shafi tauraro da zarar ya shigo.

Ƙarfin waɗannan littattafai yana watannin farko bayan saki. Gado an kwance an jingine a bango, kujeru jibge a zaure an rufa musu tsohon zani, wadda jiya take da gidanta yau tana kwana ɗaki ɗaya da ƙannenta, matan unguwa na shigowa jaje suna ƙare mata kallo. Marubuciyar da ta iya aikinta ba ta gaggawa a nan. Takan nuna yadda aka fara haɗa turaren wuta da humra da ɗan jari, yadda dangi ke cin bashi su karya shi, yadda aka sake zaman jarrabawar NECO don komawa makaranta. Wannan ne ke sa in bazawari ya zo ki yarda da zaɓinta.

Inda suke tuntuɓe shi ne hukuncin aure. Sau da yawa sabon masoyi na sallama a ƙofar gida ba a ko ambaci idda ba, alhali tsarki uku ce, mai ciki kuma sai ta haihu, kuma in saki ɗaya ne mijin na da ikon kome kafin ta cika. Haka riƙon yara. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke da shi, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, amma in uwar ta auri bare sai ya koma hannun kakarsu ta wajen uwa. Wannan kaɗai ya isa ya hana bazawara barci kafin ta amsa wa wani, amma sai a tsallake shi da layi biyu.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne attajirin da ke faɗowa a tsakiyar littafi ya share komai da mota da gida. Daga nan sana'ar ta ɓace, karatun ma ba a ƙara jin sa. Ina ganin laifin rubutun kullum ne: masu karatu na matsawa a rama wa tsohon miji, marubuciya ta biye musu.

In za ki saya, nemi kammalalle, ki duba shafukan kyauta ki ga ko jarumar na da wani abin yi ban da kuka.