Ganɗoki ko Things Fall Apart: da wanne za a buɗe zango?

Malam, ka ce an ba ka kwas ɗin adabin bayan mulkin mallaka a nan Birnin Kebbi, kana tambaya ko ka fara da littafin Chinua Achebe ko da na Muhammadu Bello Kagara. Ni dai Ganɗoki na Kagara zan sa gaba.

Achebe ya fitar da nasa a 1958, ana dab da samun 'yancin kai. Da Turanci ya rubuta, yana sane da cewa raddi yake mayar wa marubutan Turai da suka nuna baƙar fata kamar ba shi da tarihi. Ga sharhi a kansa ko'ina, ba za ka rasa abin ba ɗalibai ba. Matsalar kuma ke nan: yaro ya haddace ra'ayin wani a kan Okonkwo, jarumin littafin, ya juye maka a jarrabawa, Umuofia, garin su Okonkwo, ba ta taɓa zuciyarsa ba.

Ganɗoki kuwa daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933 ya fito, wadda Bature Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya, aka buga shi a 1934. Ka lura da wannan sosai. Marubucin malami ne a Kwalejin Katsina, yana ba da labarin jarumin Kwantagora da ya ja daga da Nasara, alhali Baturen ne zai karanta rubutun, shi ne kuma zai buga. Shi ya sa littafin ke magana da baki biyu. Farkonsa kirari da takobi, tsakiyarsa ya tsere ƙasashen aljanu inda ake cin yaƙin da ya gagara a gida, ƙarshensa gwarzon ya dawo yana yaba zamanin da ya tarar. Da gaske Kagara yake, ko dole ce ta sa? Ka jefa wa aji wannan tambaya, za ka ji muhawara. Ɗan Yawuri ko Zuru ya san hanyar Kwantagora, wani ma a bakin kakansa ya fara jin sunan Nagwamatse, sarkin Kwantagora.

Wani zai ce littafin 1934 ba na "bayan" mulkin mallaka ba ne. Ai fannin ba kalanda yake bi ba, tabon da mamaya ta bari a harshe da tunani yake bincike, kuma a nan tabon ɗanye ne.

Inda Achebe ya fi, a gaskiya, shi ne gina mutum. Okonkwo na da tsoro da rauni, Ganɗoki kusan kirari ne zalla.

In ka gama da Kagara sai ka kawo Achebe, ka sa su karanta shafukan ƙarshe na littattafan biyu a mako guda. Can Baturen mulki, Kwamishinan Gunduma, ne ke tunanin sakin layi ɗaya ya ishi labarin Okonkwo a littafin da zai rubuta. Nan kuma Bahaushe ne riƙe da alƙalami, Bature na tsaye a kansa.