Montblanc ko Namiki: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Fara Tara Alƙaluma a Kumasi?

Assalamu alaikum. Alhaji, ka yi tambaya daga Aboabo cewa kana son fara tara alƙaluman tawada masu tsada, irin waɗanda ake ƙera adadi ƙayyadadde a rufe, kuma kana ɗar-ɗar tsakanin Montblanc na Jamus da Namiki na Japan, musamman game da wanda zai fi riƙe darajarsa.

Montblanc kamfanin birnin Hambug ne, kuma daga 1992 zuwa 2022 ya riƙa fitar da jerin Patron of Art, wanda aka buɗe da alƙalamin azurfa mai sunan Lorenzo de Medici. An ƙera guda 4810 na kowane salo, adadin da aka ɗauko daga tsayin dutsen Mont Blanc a mita, sannan daga baya aka ƙara wani rukuni na guda 888 wanda ya fi yawan zinari da tsada. Kowane alƙalami yana ɗauke da lambarsa, bakinsa kuma zinari ne karat 18. Ƙarfinsa yana cikin sunan: dillalai a Landan, Dubai da Hong Kong sun san shi, saboda haka ranar da ka so sayarwa ba za ka sha wahalar samun mai taya ba. Sai dai wannan sunan ne ya ja masa jabu barkatai, kuma wanda ba shi da kwalinsa na asali da takardar shaida mai hatimin dillali farashinsa yana faɗuwa ƙwarai, ko da kuwa na gaske ne.

Namiki wani abu ne daban. Shi ne sunan da kamfanin Pilot, wanda aka kafa a 1918, yake sa wa alƙalumansa na aikin hannu, kuma Turai ta san su ne bayan yarjejeniyarsa da kamfanin Dunhill na Landan a 1930. Abin da ake saye a nan ba nauyin ƙarfe ba ne, aikin gwani ne. Ana shafa wa jikin alƙalamin urushi, wato ruwan wata bishiya da ke daskarewa ya yi tauri, shafi bisa shafi, ana jiran kowanne ya kama a goge kafin a ƙara wani. Sannan gwanin ya zana tsuntsu ko kifi ko dutse, ya barbaɗa garin zinari a kan zanen tun yana ɗanye, wani lokaci ya dasa ɓawon kawa mai walƙiya. Wannan sana'ar ita ce maki-e, tana cin watanni, kuma mai aikin yakan sa hannunsa a jikin alƙalamin. Shi ya sa adadinsu bai kai na Montblanc ba, amma masu nemansu su ma ba su kai ba, don haka sayarwa tana bukatar haƙuri.

Yanayinmu ma yana da ta cewa, kuma a nan ne na ga mutane ba su cika lura ba. Azurfa tana dushewa ta yi baƙi a iska mai laima irin ta damina a Kumasi, balle a Akara kusa da teku, kuma yawan goge ta yana cinye zanen da ke kanta. Urushi kuwa laima ba ta dame shi ba, domin da ita ma yake daskarewa tun farko. Maƙiyansa su ne hasken rana, wanda ke kashe masa sheƙi, da tsananin bushewar hunturu. Idan ka ajiye shi a cikin akwatinsa nesa da taga, ka gama da shi.

Wajen rubutu, bakin alƙalamin Japan ya fi na Turai siriri ko da alamar girmansu ɗaya ce, abin da zai yi wa mai ƙananan haruffan Larabci ko ajami daɗi. Kowanne ka saya, kada ka kuskura ka zuba masa tawadar allo, domin ƙaro da gawayin da ke cikinta za su toshe hanyar tawadar, kuma gyaran irin waɗannan yakan kai ga aikawa ƙasar waje.

Game da riba, Alhaji, mu da muke maƙwabtaka da Obuasi, garin haƙar zinari, mun san ana sayen zinari ne da awo, kuma wanda ke bakin alƙalami ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da kuɗin da za ka biya. Ga canjin sidi zuwa dala ko yuro, ga kuɗin kwastan, kuma salo da yawa ana sayar da su hannu na biyu ƙasa da farashinsu na sabo. Idan akwai yiwuwar ka sayar nan gaba, ɗauki Montblanc na 4810 daga dillali mai izini, ka adana kwali da rasit. Idan kuwa riƙewa za ka yi kana rubutu da shi, ni dai Namiki zan zaɓa, kuma zan fara da ƙaramin jerinsu na Yukari kafin in kai hannu ga babban Emperor.