Jardan ɗin unguwarmu da yara masu noƙewa

Iyaye mata da ke ta tambayata ko jardan ɗin nan na wajen Zango, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, ya dace da yaro mai noƙewa, amsa ita ce e, in yaronki mai noƙewa ne ki kai shi, amma ki nemi ajin madam ɗin ƙanana, ita ce ta iya aikin.

Ɗiyata a gida baki kamar rediyo, amma da baƙo ya yi sallama sai ta shige bayan zanena, ko sannu babu. Mu nan Damagaram sai a ce ai kunya ce, tarbiyya ce, har yabonta ake. To kunyar gaida manya daban, yaron da ba ya iya cewa yana jin fitsari daban, wannan shi ake bari a baya in an shiga CI, wato ajin farko na firamare, don faransanci da baki ake koyonsa, wanda bai buɗe baki ba bai tambaya bai yi abokai ba sai mushe, wato malamin aji, ya ɗauka daƙiƙi ne alhali ya gane komai.

Abin da ya burge ni, madam ba ta taɓa tsayar da ɗiyata gaban aji ta ce sai ta yi magana ba, kuma ta hana yara kiranta kurma. Ta haɗa ta da yarinya guda mai sanyin hali, su biyu ke raba alli, daga nan waƙa cikin taro, daga nan amsa da kai, a hankali har ta fara ɗaga hannu. Madam ɗin ce ma ta ce min Maman yara ki daina amsa mata tambaya, ki yi shiru ki ba ta lokaci, kuma ki kai ta a duba kunnenta don wani shirun rashin ji ne. Mun kai, lafiya lau.

Inda ban ji daɗi ba, yara sun yi yawa a aji, in madam ta yi fashi mai riƙon ajin tsawa kawai ta sani, ranar ɗiyata ko abincinta ba ta taɓawa. Kuɗin ma da ɗan nauyi ga na kabu-kabu kullum, kuma filin wasa ba rumfa, da zafin watan Afrilu abin ba daɗi wallahi.

In za ki je, je tun kafin rantire, wato komawa makaranta a Oktoba, ki ga diraktiris, shugabar makarantar, gurbin ajin nan saurin cika yake.