Na leƙa gidan tarihin 'yan ci-ranin Jamus a Bremerhaven

Ranar Asabar wata ƙawata 'yar Amurka da muke aji ɗaya a Bremen ta matsa min sai na raka ta Bremerhaven, wai kakan kakanta daga nan ya hau jirgin ruwa. Ni dai shan iska ya kai ni, a jirgin ƙasa ko awa ɗaya ba mu yi ba. Sunan wurin Deutsches Auswandererhaus, 2005 aka buɗe shi.

Kana biyan tikiti za a miƙo maka kati mai sunan wani mutum na gaske da ya bar ƙasar, duk inda ka isa ka ɗora katin a na'ura ka ji labarinsa. Inda ya fi taɓa ni shi ne bakin tashar da suka gina a ciki, duhu-duhu, ga gefen jirgi ƙato, ga mutum-mutumi tsaitsaye da akwatunansu ana sallama, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Sama da mutum miliyan 7 suka fita ta garin nan daga 1830 zuwa 1974, wasu talauci da rashin gona suka koro su, wasu Yahudawa ne masu gudun 'yan Nazi. Ashe Bature ma ya yi ci-rani! Sai yaranmu masu bi ta Agadez suka faɗo min a rai. Gadajen talakawa na cikin jirgin kuwa kamar akurki, daga nan ka faɗa kwaikwayon Ellis Island, tsibirin da ake tantance baƙi a New York a da.

A ƙarshe akwai ɗakin kwamfutoci na neman dangi, nan muka sha zama. Sunan gida kawai ƙawata ta riƙo, kuma ashe tun 1875 aka fara lalata tsofaffin takardun fasinjojin Bremen saboda rashin wurin ajiya, yaƙin duniya na biyu ya cinye wasu, yawancin abin da ya tsira na 1920 zuwa 1939 ne. Dole muka koma rajistar masu sauka a New York, sai ga mutum uku suna ɗaya. Sai da ta kira kakarta a waya ta ba mu shekara sannan muka ware ɗaya, ƙawata ta zauna tana ta hawaye.

In za ka je ka ware awa uku, ka riƙo cikakken suna da shekara da ƙauyen mutumin. Ni a hanyar dawowa na gwada lissafa nawa kakannin, a kakan babana na tsaya cak, daren nan sai da na kira Baffa.